Tambayoyinku: Fim ɗin Dodanni Ya Hana 'Yata Barci

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, duk daga nan Legas, kuma duk a kan fina-finan matasa da dodanni da matsafa da suka cika wayoyin yaranmu. Na taƙaita su saboda fili, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. 'Yata ce mai shekara 14. Tun hutun da ya wuce ƙawayenta suka tura mata fina-finan Turawa masu dogon zango, ɗaya Wednesday, ɗaya Stranger Things, ta duƙufa kallo ba dare ba rana. Yanzu ba ta fita bayi da daddare sai ƙanenta ya raka ta, ko an ɗauke wuta sai ta kwana da tocilar waya a kunne. Sau biyu tana farkawa da kuka, wai wani abu ya danne ta, tana ganin ɗakin amma ta kasa motsi, ta kasa kirana. Kakarta ta ce aljani ne ya biyo ta ta waya, a kai ta ruƙiyya. Babanta ya ce fasa wayar zai yi. Ni na rasa na kamawa.

Maman yara huɗu, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Abin da ta kwatanta miki dannau ne, kuma iyayenmu sun san shi tun ba a ƙera waya ba. Likitoci sun yi bayanin yadda yake faruwa. Akwai matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, a lokacin ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani sa'in sai hankali ya riga jiki farkawa. Ido ya buɗe, kunne na jin ƙarar janareton maƙwabta, amma hannu da ƙafa da harshe ba su dawo ba tukuna, ga sauran mafarki bai gama washewa ba. Shi ya sa mutum ke jin nauyi a ƙirji, har ya ga kamar wani na tsaye a bakin ƙofa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan yake saki. Yakan fara wa mutane da yawa a shekarun balaga, kuma abubuwan da ke jawo shi sanannu ne: ƙarancin barci, kwanciya ba kan lokaci ba, damuwa, da kwanciyar rigingine.

To ki yi lissafi da kanki. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Yarinyar da ke Agege da asuba take tashi, ta yi salla, ta ɗebi ruwa, ta fita da wuri don kada cunkoson hanya ya ritsa da ita. In ta kai ɗayan dare tana kallo a ƙarƙashin zane, nawa ya rage mata? Masu shirya fina-finan nan kuwa sun ƙware wajen yanke kowane kashi daidai inda rai ya rataye, babba ma da ƙyar yake ajiyewa, balle ita.

Maganar Hajiya kakarta kuma, kada ki yi mata gardama, musamman a gaban yara. Aljanu gaskiya ne, sura guda aka saukar da sunansu. Amma ruƙiyyar da 'yarki ta fi buƙata a yanzu tana hannunki. Ki zauna a bakin katifarta kafin ta kwanta, ku karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, ku karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a tafin hannu ta shafe jikinta, kamar yadda Manzon Allah (SAW) yake yi. In Hajiya za ta yarda ita ta riƙa jagorantar karatun, ya fi ma kyau, kin ba ta girmanta, yarinya kuma ta samu kakarta a kusa. Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne wurin da za a taru a kanta, a turnuƙe ta da hayaƙi, ana daka mata tsawa, wani wurin har da bulala. Yarinyar da ke tsoron dodon cikin waya, a ce mata dodon yana cikin jikinta, wane barci za ta ƙara yi?

Ina 'yar makaranta a Kano a tsakiyar shekarun 1990 aka yi abin da aka kira Sumbuka, 'yan mata suna zubewa a makarantu, ɗaya ta faɗi sai na kusa da ita su bi. Babu wayar hannu a lokacin. Abin da na riƙe daga wancan zamani shi ne yadda tsoro ke yaɗuwa tsakanin yara da zarar sun ga manya ma sun firgita, da yadda wadda aka taɓa cewa tana da iska take daɗewa tana jan sunan, har lokacin aurenta ana raɗa shi.

Yanzu ga tambayar da ba ki yi ba, wadda nake ganin ita ce babba: me ta gani a fina-finan nan har suka riƙe ta haka? Na daɗe ina koyarwa a sakandare, kuma na kalli da yawa daga cikinsu saboda ɗalibaina. Turawa sun mayar da wannan fanni sana'a tun tuni. Buffy the Vampire Slayer, da aka nuna daga 1997 zuwa 2003, makarantar sakandare ce da aka gina a kan ƙofar da shaiɗanu ke fitowa, kuma yarinya guda ce ke ɗauke da nauyin da ba ta iya gaya wa uwarta. A Teen Wolf, wanda ya fara a 2011, kerkeci ya ciji yaro, jikinsa ya fara canzawa, gashi na fito masa, fushi na taso masa ba shiri, yana ɓoye wa mutanen gida. Wace uwa mai ɗa ɗan shekara 15 ce ba ta gane wannan ba? Wednesday na 2022 yarinya ce da aka kai makarantar kwana ta waɗanda jama'a ke ƙyama, can ma ta kasa sajewa. Stranger Things, da Netflix ta fara a 2016, ya buɗe da ɓatan wani yaro a 1983 a wani ƙaramin gari na jihar Indiyana, abokansa suka bazama nemansa a kan kekuna saboda yawancin manya ba su yarda da abin da suka gani ba. Kin ga zaren da ya ratsa su duka: jikina ya zama baƙo gare ni, ina da sirri, manya ba sa saurarena. Dodon yana jawo yara su fara kallo, amma wannan ne ke zaunar da su.

Na taɓa kallon zango na huɗu na Stranger Things da ɗiyar ƙanena. An ɗauke wuta, muna zaune a tabarma, wayar na jingine da filas ɗin shayi. A wannan zangon dodon ba kowa yake kamawa ba, sai matashin da ke ɓoye wani ciwo a ransa, cikinsu har da wata yarinya da yayanta ya mutu take zargin kanta. Da aka zo wurin, sai ta sa yatsa ta tsayar da fim ɗin. Ba ta dube ni ba ta ce, "Gwaggo, ni ma ina jin da na tashi Abba da wuri a daren nan, da Umma ba ta rasu ba." Babu wanda ya san tana ɗauke da wannan a gidan. Mun kwana muna magana, fim ɗin ba mu ƙarasa shi ba a ranar.

Ban kawo wannan don in wanke fim ɗin ba. Zango na huɗun nan yana da muni, ana nuna ƙasusuwan mutum suna kakkaryewa, ba abin da 'yar shekara 14 za ta kalla ita kaɗai cikin duhu ba ne. Na kawo shi ne don ki ga abin da zama kusa da ita zai buɗe miki. Ki ce ta ba ki labarin, ki tambaye ta wa ta fi so a ciki da dalili, wane wuri ne ya fi ba ta tsoro. Ki kalli kashi ɗaya tare da ita ko ba ki jin Turancin sosai, ita ta fassara miki.

Ki lallashi babanta ya bar wayar. In ya fasa, gobe a wayar ƙawa za ta kalla, kuma daga ranar ba za ta ƙara gaya muku abin da ya tsorata ta ba. Doka ɗaya ta ishe ku: bayan isha'i waya a ɗakinki take kwana, kallo kuwa da rana, a falo, Asabar da Lahadi. Netflix da DStv duk suna da lambar sirri da iyaye ke kulle abin da ya fi ƙarfin yara, ku sa ta. Sai dai yawancin abin da yaranmu ke kalla daga wayar ƙawa ko wurin masu turi yake zuwa, inda lambar sirri ba ta kai ba, don haka kwanan wayar a wurinki ya fi komai amfani. Ta riƙa kwanciya a gefenta na dama, ki bar mata ƙaramar fitila har tsoron ya lafa, kada kuma a bar ƙannenta su mayar da abin na tsokana.

In barcinta ya daidaita amma dannewar ta ƙi raguwa, ko ta fara faɗuwa tana fizge-fizge, ko jin muryoyi da rana tsaka, ko ta daina cin abinci, ko tana ambaton mutuwa, to asibiti nan da nan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, ga kuma asibitin koyarwa na Idi-Araba. Zuwa can bai hana addu'a ba.

TAMBAYA

Anti ina wuni. Shekarata 16. Abbanmu ya hana mu kallon Harry Potter da The Vampire Diaries, ya ce tsafi ne. Amma a gidan ana kallon fassarar Indiya ta macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace, Inna kuma tana yi wa ƙannena tatsuniyar Dodo. Mene ne bambancin? Sannan ƙawayena suna wasan fensir na Charlie Charlie, sun ce ba komai ba ne.

Wata ɗaliba, Idi-Araba

AMSA

Lafiya lau, 'yata. Tambayarki ta mai hankali ce, kuma kin hango gaskiya. Labarin aljanu da dodanni ba Bature ya kawo mana ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, duk jarumansu sun shiga duniyar aljanu, kuma a aji aka karantar da mu su. Ina takaicin yadda yaran Hausawan Legas suka san Madam Koi Koi, fatalwar makarantun kwana, suka san dodannin Amurka da sunayensu, amma ba su taɓa jin Ganɗoki ba. Macijiyar Indiya kuwa, in Naagin kike nufi wanda aka fara a 2015, tsafin da ke cikinsa bai gaza na Harry Potter ba, har da bautar gumaka. Fassarar Hausa ce ta sa ya zama kamar ɗan gida.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin fim da tatsuniyar Inna. Inna tana zaune tare da ku, tana kallon fuskar ƙannenki, in ta ga tsoro ya yi yawa ta sassauta, a ƙarshe ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ta rufe ƙofar da ta buɗe ke nan. Kuma a tatsuniya boka da maye ba abin sha'awa ba ne. A fina-finan nan kuwa sihiri baiwa ce, makaranta ake zuwa a koye shi, alhali aya ta 102 a Baƙara ta faɗi matsayin koyonsa ƙarara. Damuwar Abba ke nan, kuma tana da tushe.

Ni abin da ya fi damuna da The Vampire Diaries, wanda ya yi zango 8 daga 2009 zuwa 2017, ba shan jinin da dodanninsa ke yi ba ne. Namiji ne da ya haura shekara 150 a duniya yake bin 'yar sakandare mai shekara 17, ga shaye-shaye, ga kishi da mallaka da ake nunawa a matsayin so. A Twilight na 2008 saurayin yana shiga ɗakin yarinya da dare ba da saninta ba ya tsaya yana kallonta tana barci, fim ɗin kuma yana so ki ji daɗin hakan. Namijin da zai yi miki wannan a zahiri, ihu za ki yi masa. Ko a Jodan, da Netflix ta fitar da Jinn a 2019, labarin ɗaliban da suka je yawon buɗe ido Petra suka haɗu da aljanu, hayaniyar da ta tashi a ƙasar a kan sumbata da ashar ce.

Wasan fensir, wanda ake gicciya fensir biyu a yi tambaya a jira na sama ya juya, ki bar shi. Ya yaɗu a duniya a 2015, ya sake tasowa a Najeriya a farkon 2021. Fensirin da aka gicciya a kan wani a ɗan ƙaramin wuri yake tsaye, numfashin mai tambayar kaɗai ya isa ya juya shi. Amma niyyar mai wasan ita ce kiran wani ɓoyayye ya ba shi labarin gaibu, kuma hadisi ya zo cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Ki tuna wa ƙawayenki Suratu Saba'i: aljanu sun ci gaba da yi wa Annabi Sulaiman wahala ba su san ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi.

Ki bi umarnin Abba. In kina so ya sake duba maganar, ki same shi lokacin da ya huta, ki kawo tambayar nan taki cikin ladabi, ki roƙi ya kalli kashi ɗaya tare da ku ya yanke hukunci.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ina sayar da tumatir a Mile 12, ina haya a Ketu. Yayana ya rasu, na ɗauko 'yarsa mai shekara 11 daga ƙauye. Ba ta jin Yarabanci ko Turanci, ba ta da surutu, tana fitsarin kwance, wani lokaci takan tashi cikin barci ta yi tafiya. Yaran gidan, masu kwana kallon fina-finan matsafa, suka fara kiranta mayya. Da jaririn maƙwabciyarmu ya kwanta rashin lafiya sai iyaye ma suka ɗauka. Yanzu har matata ta fara tsoronta. In mayar da ita gida?

Wani ɗan kasuwa, Ketu

AMSA

Malam, Allah ya jiƙan yayanka, ya saka maka da riƙon marainiya. Wasiƙarka ta fi sauran tayar min da hankali, kuma ina roƙonka kada ka kwana biyu kana shawara.

Wannan magana ta taɓa cin rayukan yara a ƙasar nan. Fina-finan kudu sun tashi da tsafi tun Living in Bondage na 1992, aka bi da Nneka the Pretty Serpent da Karishika. A 1999 aka fitar da End of the Wicked, inda aka nuna yara ƙanana suna barin jikinsu cikin dare suna zuwa taron mayu. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna danganta irin wannan fim da wa'azin da ke tafiya da shi da abin da ya faru a Akwa Ibom da Kuros Riba, inda aka kori yara daga gidajen iyayensu, aka ƙona wasu, aka kashe wasu, da sunan maita. A 2008 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya nuna wa duniya halin da suke ciki, a shekarar kuma Akwa Ibom ta sa hukunci a doka kan mai jifan yaro da maita. Kada mu ce na kudu ne kawai. Mu ma muna da "ta kama masa kurwa" da "a sa ta tsallaka shi", kuma kusan kullum a kan marainiya ko tsohuwa marar gata ake faɗa.

Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, da aka kafa a 1993, ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da kisan tsafi a fina-finai a 2024. Mataki ne mai kyau, amma gajerun bidiyon da yaran gidanku ke gani a TikTok da Facebook ba sa bi ta teburinta. Kariyar yarinyar nan a wuyanka take.

Fitsarin kwance da tafiya cikin barci abubuwa ne da aka sani ga yara, kuma sukan tsananta ga wanda ya yi rashi aka kuma canza masa wuri. Shirunta na wadda ba ta jin yaren mutanen gidan ne. Ka fara da matarka yau da dare, ka karanta mata wannan amsa, ka tambaye ta yadda za ta ji in ita ce ta rasu aka yi wa nata haka. Ka taimaka a kai jaririn nan asibiti a auna shi, ko da kai za ka biya kuɗin mota, domin sunan cutar daga bakin likita shi zai fi saurin kashe maganar. Sannan ka sami mai gidan hayar tare da limaminku ko wani dattijo daga shugabannin Hausawan kasuwa, a tara iyayen gidan a gaya musu a fili cewa jifan mutum da maita laifi ne a sashe na 210 na dokar laifuffuka ta Najeriya, kuma jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007.

Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai a tsakar gida, kada a aike ta ɗakin kowa. Ka sa ta makarantar boko da Islamiyya ta samu ƙawaye masu jin Hausa. A rage mata shan ruwa da daddare, ta zaga kafin ta kwanta, a sa sakata a ƙofa inda hannunta ba ya kai. In wani ya ɗaga mata hannu ko ka ji ana shirin taruwa a kanta, ka kira lambar gaggawa 112 ko 767 ka kuma kai ƙara ofishin 'yan sanda.

Mayar da ita ƙauye a yanzu zai zama kamar ka amsa zargin ne, labarin kuma zai iya riga ta isa. In gidan ya gagara zama, ku tashi gaba ɗaya ku nemi wani ɗaki, ka kuma zaunar da ita ka gaya mata da bakinka cewa ba ta yi laifin komai ba. Ka sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare da mutanen gidan.